Baƙar Azurfar Inna

Duk lokacin da na ji tsofaffi irina sun baje a dakali suna zagin yaran yanzu, wai su ne suka lalata garin nan, sai in tashi in kakkaɓe rigata in shige gida. Ba wai yaran suna da gaskiya ba ne. Na ga abin da suka yi wa ganuwa ta wajen Ƙofar Kibo, suna saran ta da diga suna buga tubali, har ta koma kamar tuwon da aka gutsura ta kowane gefe, kuma raina yana ɓaci kamar na kowa. Amma ni a hannun mutanen da na girma, na kuma san ɓarna ba yau aka fara ta ba. Ta yanzu da hayaniya ake yin ta, kowa yana gani. Ta da kuwa a natse ake yi, cikin babbar riga, kuma ba ka da bakin magana.

Ban ce garin ba shi da daɗi a lokacin ba. Wanda bai tashi cikin birni a shekarun nan na dab da tafiyar Turawa ba, ba zai san yadda safiya take da murya ba. Kana idar da sallar asuba za ka ji karatun manya yana fitowa daga zauruka, kowane malami da irin jan muryarsa, har ka gane gidan da kake wucewa ko da idonka a rufe. Can sai taɓare su amsa daga cikin gidaje, sai masu bugun rini su kama nasu, jefi-jefi kuma iska ta kawo kukan jirgin ƙasa daga nesa, tsofaffi su yi tsaki su ce ga abin nan mai kwashe mana yara. Ni sana'ata ɗinkin riga, aikin hannu, a zauren Baffa, wato yayan mahaifina, wanda shi ne mai gidanmu. Mukan shimfiɗa tabarma bakin ƙofa inda haske yake, mu yi wata da watanni a kan wuyan riga ɗaya, in ka karkata zare ɗaya a sa ka warware na yini guda. Yau inji ne yake zuba aikin kafin shayi ya huce, mai rigar ma ba ya duba abin da aka zana masa a ƙirji. Ina da ƙuruciya sosai a lokacin, gemu ya fara tsirowa, ana ta yi mini tsiyar aure.

Mahaifina ban san shi ba. Ina goye ya ɗauki sandarsa ya bi ayarin masu tafiya hajji a ƙasa, irin tafiyar da ake yi ana tsayawa a yi noma a wannan gari, a yi ɗinki a wancan, har a kai bakin teku. Shekaru suka yi ta wucewa shiru. Ina ɗan yaro wani baƙo ya yi sallama da wata 'yar jakar fata, ya ce mai ita ya rasu da zazzaɓi. Aka tambaye shi a ina, ya ce shi ma wani ne ya ba shi, wanin ma daga hannun wani ya karɓa, abin da aka gaya masa kawai shi ne sunan gari da sunan unguwa. Kafin hawan Arfa ne ko bayansa, a wannan gaɓar teku ne ko a waccan, bai sani ba. Saboda haka a gidanmu ba a ce wa mahaifina Alhaji. Baffa ya ce ba a ɗora wa mutum suna ba da shaida ba, sai dai a ce marigayi. Inna, mahaifiyata, ta ƙi aure duk da masu nema sun zo, ta zauna a ɗakinta tana kaɗi tana renona. Ba mace ba ce mai yawan magana, ko sunana ba ta faɗi don ni ne ɗan fari, sai dai ta ce “kai”. Amma tambaya ɗaya ce take cin ta, na kuma sha jin ta tana yi wa mazari ita a hankali: ya isa, ko bai isa ba?

Abin da ke cikin jakar bai taka kara ya karya ba. Carbi ne, da allurarsa ta ɗinki, da wani kuɗi guda ɗaya wanda ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Bai kai liyari faɗi ba, ga kauri, gefensa ba daidai ba kamar an mulmula ƙuli an danne, kuma baƙi ƙirin. A fuska ɗaya akwai kan wani mutum mai dogon hanci da gajeren gemu, an ɗaura masa ganye a ka, goshinsa a tamke kamar wanda aka kawo wa ƙara da rana tsaka. Rubutu ya zagaye shi, ba ajami ba, ba kuma boko sosai ba. A ɗaya fuskar gaggafa ce ta buɗe fukafukai, amma daga ƙirjinta zuwa ƙasa wata dauɗa ta daskare kamar ƙanzo, ba a ganin komai. Inna tana naɗe shi a tsumma a ƙasan adudu. Saboda shi na kamu da tara tsofaffin kuɗi. Ina da wani gwangwani da na cika da wuri, da anini mai huda, da kuɗin Faransa da fatake ke zuwa da su, da wani liyari da ya side wanda na yi wa wata tsohuwa ɗinkin hular jikanta ta ba ni. Duk wanda na samu sai in kai shi ɗakin Inna mu gwada da namu, ko za su yi kama. Ba wanda ya yi. Na kai wa maƙeran farfaru, masu aikin azurfa, suka gwada a dutse suka ce azurfa ce amma da gami, asalinta kuwa sai Allah.

Akwai wani maƙwabcinmu, malamin makarantar boko, mutumin kirki, sai dai bakinsa ba ya riƙe magana. Shi ya gaya mini cewa a kwalejin da ke bayan gari akwai wani tsohon Bature mai koyar da tarihi, wanda shi ma ciwonmu ɗaya, yana da akwati guda na tsofaffin kuɗi. Na yi kwana da kwanaki ina lallashin Inna kafin ta yarda, shi ma da sharaɗi. Ta ce, “Kai, a hannunka zai tafi, a hannunka zai dawo. Ko kwana ɗaya kada ya yi a waje.” Muka hau keken malamin muka fita ta Ƙofar Doka, hadari yana ta haɗuwa, farkon damina ne. Baturen ya karɓa da yatsu biyu kamar mai ɗaukar ƙwan tsuntsu, ya kai bakin taga, ya sa wani gilashi a ido, ya daɗe yana dubawa. Da ya fara magana kuma sai ya ƙi tsayawa, malamin yana fassara mini yana haɗa gumi. Ya ce kuɗin Rumawa ne, an buga shi tun kafin zuwan Musulunci da daɗewa, ya karanta sunan sarkin da ke jiki harafi bayan harafi. Malamin ya zabura ya ce ai wannan shi ne azzalumin sarkin da malamanmu ke cewa samarin nan na kogo suka guje wa, waɗanda suka yi dogon barci. Baturen ya ce haka wasu suke faɗa.

Ni ba wannan ya kawo ni ba. Na ce a tambaye shi daga wace ƙasa kuɗin ya fito. Ya ce birane biyu ne suka fi buga irinsa da wannan tsuntsu, ɗaya a Masar, ɗaya a Sham, kuma kowanne yana da alamarsa, wasu 'yan haruffa kusa da ƙafar gaggafar, daidai inda dauɗar nan ta rufe. Ya ɗora takarda ya goga fensir, ba abin da ya fito sai baƙin tabo. In na Masar ne, ba mu ƙaru da komai ba, domin kayan Masar suna gangarowa kasuwannin Sudan, mutum zai iya samu bai ko ga teku ba. In kuwa na Sham ne, ai mutanenmu ba sa zuwa can sai sun sauke farali, su wuce ziyarar Ƙudus. Baturen ya yi mini gaskiya, ya ce kuɗi yana yawo, wannan ba hujja ba ce, alama ce kawai. Ya ce zai tafi hutu ƙasarsu, zai dawo da kaka da littafinsa da wani ruwan magani da ke ɗaga dauɗa a hankali ba tare da ya ci ƙarfe ba. Ya nemi in bar masa, na ce na yi alkawari. Sai ya riƙe hannuna ya sa malamin ya maimaita mini: kada a wanke shi, kada a goge shi, baƙin nan shi ne ya tsare shi duk tsawon zamanin nan.

Da na gaya wa Inna, sai ta ajiye mazari, abin da ban taɓa ganin ta yi da rana ba. Ta sa na sake faɗa mata tun daga farko. Na ce mata ya ce fa ba hujja ba ce. Ta ce, “Ni ba alƙali ba ce. Alama ta ishe ni.” Tun daga ranar ta fara duban gonar bayan gida, tana cewa gero ya fara kai, dawa ta kusa. Ban taɓa ganin wanda ya ƙosa kaka ta zo kamarta ba, ita da ba ta da ko kunya ɗaya a gona.

Malamin boko kuwa Juma'a tana zagayowa ya zazzage labarin a bakin masallaci. Kafin la'asar an ƙara masa gishiri. Kuɗin zamanin samarin kogo ya koma kuɗin samarin kogo, washegari kuma ya zama shi ne ainihin wanda suka aiki ɗayansu ya sayo musu abinci da shi bayan sun farka. Ban san wanda ya fara cewa yana maganin rashin barci ba, amma na san mace ta farko da ta zo, daga Gyallesu, da jariri a baya yana tsala kuka, tana roƙon a tsoma kuɗin a ruwa a ba ta. Inna ta ba ta haƙuri. Bayan ita sai ga wasu, har da maza suna sallama a ƙofar gida, tsofaffi masu kwana ido biyu da masu mata masu goyo. A nan ne Baffa ya shigo cikin maganar. Ya tsaya a tsakar gida ya ce bai kamata jama'a su riƙa tururuwa ɗakin mace ba, kuma kayan ɗan'uwansa ne, ba a raba gado ba, shi ne wakili. Inna ta durƙusa ta ce, “Yaya, an ce kada ruwa ya taɓa shi.” Ya ce, “Wa ya ce?” Na ce Baturen ne, na fara yi masa bayanin haruffan da ke ƙarƙashin dauɗar. Ya dube ni sama da ƙasa. “Nasara ne zai koya mana yadda ake riƙon kayan albarka? Kai kuma yaushe ka fara sa baki ina magana? Ɗauko min.” A zamanin nan in mai gida ya ce ɗauko, magana ta ƙare. Inna da hannunta ta kwance tsumman.

Kada wani ya ɗauka Baffa ciniki ya buɗe. Ko anini bai taɓa karɓa ba, da ma ya karɓa da na san sunan da zan kira abin. Shi girma yake so. Mutum ne da bai yi zurfi a karatu ba a unguwar da kowane gida akwai malami, ga shi yau dattawa suna cire takalmi a ƙofar zaurensa suna cewa Allah ya gafarta Malam. Ya sa aka wanke sabuwar ƙwarya, kullum da safe a cika ta a jefa kuɗin, shi kuma yana zaune a buzu yana ɗiba da ludayi. Ina gefe da allurata ina kallo, ina soke yatsa. Ruwa kaɗai da bai yi ɓarna mai yawa ba. Amma matarsa ta ga abin kunya ne a riƙa nuna wa baƙi abu baƙi haka, ta yi masa abin da kowace macen kirki take yi wa awarwaronta in salla ta matso, ta dirje shi da toka da lemun tsami da ɗan yashi. Sai kuma aka sami masu cewa ruwan ba shi da ƙarfi, a ɗan kankaro musu kaɗan da wuƙa su cuɗa da man shanu su shafa wa yaro a maɗiga. Na yi magana, na sake yi, har ranar da na ɗaga murya a gaban mutane Baffa ya ɗauke ni da mari, gemuna da komai. Na je na sami wani tsohon malami na unguwarmu, makaho, wanda duk birni ake jin maganarsa a fiƙihu. Ya sa aka ja shi har zauren, ya ce, “Ku ji tsoron Allah. Bayin Allan nan gudun mai wannan kuɗi suka yi, ku kuma kuna shan wankinsa?” Kowa ya sunkuyar da kai, aka ce gaskiya ne Malam, aka raka shi gida da girmamawa. Da safe ƙwarya ta cika kamar kullum.

Duk da haka ban fid da rai ba. Nakan saci kallo in an tsamo shi, na ga dauɗar ƙasan ta yi taurin kai, ta ragu amma ba ta fita ba, har wani ɗan layi ya fara leƙowa a gefenta. Na ce in Allah ya kai mu kaka a haka, za a iya karantawa. Ana nan Baffa ya aike ni Kano da rigunan da muka gama. Ina can wani baƙon malami mai yawon wa'azi ya sauka a zauren, ya karɓi kuɗin ya juya, ya ce a'uzu billahi, ashe surar kafiri kuke jiƙa wa jarirai, albarkar ai a ƙarfen take, sura kuwa tana hana mala'iku shiga gida. Maganar makahon malaminmu da ta ce a daina ba ta shiga kunnen Baffa ba, amma wannan da ta ce a gyara a ci gaba, nan take ta shiga. Ya aika wa maƙerin farfaru. Maƙerin ya tambaya ko fuskar mutumin kaɗai zai cire, aka ce tsuntsu ma ai mai rai ne. Ya sa magagari ya bi gaba da baya, ya yi aikinsa tsaf yadda aka san shi da shi.

Da na dawo na ga abin da ke cikin ƙwarya ban gane shi ba. Wani farin faifai ne sumul, yana ƙyalli, kamar maɓallin rigar ɗan doka. Na tsaya riƙe da shi, na rasa wanda zan shaƙe, Baffa ko maƙeri ko mai wa'azin da tuni ya yi gaba, ko kuwa duk unguwar da ta sha ta koma gida ta yi minshari. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, tun da aka goge shi mutane suka fara janyewa. Baƙin nan da fuskar nan mai ban tsoro su ne suke sa a yarda da shi. Da ya yi fari sai aka ce albarkar ta ƙare. Kafin a yanke gero ba mai zuwa, aka mayar da ƙwaryar wajen awon tsaba. Ranar da na ji Baturen ya dawo na je na tambayi Baffa, ya laluba aljihu ya miƙo mini ko kallona bai yi ba, ya ce, “Ungo, kai mata kayanta.”

Inna ba ta ga kuɗin ba tun da ya bar ɗakinta, ba ta fita zaure, ni kuma na kasa gaya mata. Na dai tafi kwalejin tare da malamin boko, don mutum ba ya rasa ɗan abin da yake riƙewa a zuci. Baturen ya fito da murna, ga littafi a hammata, ga 'yar kwalba a hannu. Na buɗe tafina. Ya duba, ya dube ni, ya sa gilashinsa ya karkata abin ta kowace fuska a hasken taga, ya daɗe yana nema, na san don ni yake yi. Sannan ya ajiye kwalbar a kan tebur a hankali. Malamin boko ya buɗe baki zai fassara, na ce ya bari, na ji.

Na iske Inna a tsakar gida, ashe ta ji Baturen ya dawo, ta share ƙofar ɗakinta ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take ajiyewa don salla. Tana ganina ta miƙe. Ta ce, “Kai, ya isa?” Na sa mata shi a hannu. Ta shafa gaba, ta juya ta shafa baya, ta sake juyawa, tana neman gaggafar da yatsa. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da na sami sauƙi. Daidai nan Baffa ya shigo da buta zai yi alwalar la'asar. Ta durƙusa har ƙasa kamar yadda ta saba.

“Yaya, yaran nan da aka ba ruwan, sun sami barci kuwa?”

Fuskarsa ta washe, ya ɗauka yabo ne ya zo. “Ƙwarai kuwa. Iyayensu har yau suna faɗa.”

“To madalla, Allah ya ba da lada,” in ji ta. “Ni ce dai ba zan ƙara samu ba.”

Ya ce amin. Wallahi amin ya ce, ya tsuguna ya fara wanke hannu.